Bege da Alamtarwa: Tarihin Ma'anar Baɗini a Waƙoƙin Yabon Annabi daga Andalus zuwa Kontagora

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe littattafan tarihi yana neman sunan Kontagora, abin da zai fara cin karo da shi shi ne doki da mashi. Za a ba shi labarin Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, wanda ya baro ƙasar Sakkwato ya yiwo kudu, ya sami sarautar Sarkin Sudan a shekarar 1859 daga hannun ɗan'uwansa Sarkin Musulmi Ahmadu, sannan ya kafa garin wajen 1864. Za a ba shi labarin ɗansa Ibrahim, wanda hare-harensa suka addabi Gwari da Kamuku da Kambari, har zuwa lokacin da Turawa suka ci garin a farkon 1901. Wannan duk gaskiya ne, ba kuwa abin da za a rage daga cikinsa. Sai dai jama'ar da ta kafa Kontagora ba makamai kaɗai ta ɗauko ba. Gida ne na Ƙadirawa, jikokin Shehu Usmanu, kuma duk inda irin wannan gida ya yada zango a ƙarni na 19, malamai sukan sauka tare da shi, da allunansu da gafakokinsu. A cikin gafakar kowane malami na wancan zamani da wuya a rasa Ishiriniya.

Wannan maƙala ta bi sawun waɗannan waƙoƙi ne na begen Annabi, ta dubi inda alamominsu suka samo tushe da yadda Hausa ta karɓe su. Abin da take son tabbatarwa guda ne: alamtarwa a waƙar bege ba adon harshe ba ce kurum, kamar yadda akan jera ta tare da kamantawa da siffantawa a darasin salo. Aƙida ce aka naɗe cikin hoto, kuma tarihi ya nuna duk sa'ad da aka raba hoton da malamin da ke warware shi, rigima takan biyo baya.

2.0 Tushen Andalus

Abu Zaid Abdurrahman Alfazazi, mawallafin Ishiriniya, mutumin Kurɗuba ne, a ƙasar Andalus, wato kudancin Sifen ta yau. Ya yi aikin magatakarda a fadar Muwahhidawa, ya rasu a Marrakish a shekarar 1230, shekara shida kafin birnin haihuwarsa ya kuɓuce daga hannun Musulmi. Ya tsara ƙasidunsa a kan haruffan Larabci 29, kowane harafi ya zama amsa-amon ƙasida guda mai baiti 20, daga nan ne sunan ya fito. Daga baya Ibn Mahib ya yi musu tahamisi, ya mayar da kowane baiti mai ɗango biyar, kuma da wannan kama ce littafin ya shigo ƙasar Hausa. Ya daɗe da shigowa, domin Ɗan Masani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya riga ya rubuta masa sharhi mai suna Nafhatul Anbariyya. Abdullahi ɗan Fodiyo kuma, a littafinsa Ida'un Nusukh, ya lissafa Ishiriniya cikin abin da ya karanta a gaban yayansa Shehu. Ba ita kaɗai ce ta fito daga wannan yanki ba. Ashafa da ake karantawa a masallatai da zaurukan sarakuna, ta Alƙali Iyal ce, wanda ya taɓa riƙe alƙalancin Garnaɗa, ya rasu a 1149.

Zamanin Alfazazi zamani ne da sufayen Andalus suka ƙware wajen faɗin abu biyu da kalma ɗaya. Ibnul Arabi, haifaffen Mursiya a 1165, ya wallafa diwanin Tarjumanul Ashwaƙ, cike da ambaton budurwa da raƙuma da zangon da aka tashi aka bari. Da wasu malaman fiƙihu na Halab suka zarge shi da waƙar soyayya tsagwaronta, sai da ya zauna ya rubuta wa diwanin sharhi da kansa, baiti bayan baiti, yana bayyana abin da kowane hoto yake nufi na sanin Allah. Shushtari kuwa, wanda ya rasu a 1269, ya bar gidan daula ya shiga kasuwanni yana rera waƙoƙin zikiri da karin harshen talakawa, yana kaɗa ganga. Mai nazarin bandiri a Kano ba zai ji wannan labari baƙo ba.

Akwai wani reshe da ya tsiro a wannan ƙasa bayan Musulunci ya kau daga cikinta, wanda ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Garnaɗa ta faɗi a 1492, aka kori ragowar zuriyar Musulmi tsakanin 1609 da 1614. A ƙarshen ƙarni na 18 da cikin na 19 sai ga waƙar filamenko ta bayyana a yankin Ishbiliya da Kadis, galibi a bakin Gitanawa, mutanen da aka mayar saniyar ware. Masana sun yi ta ja-in-ja a kan ko akwai jijiyar da ta haɗa ta da waƙoƙin Musulmin Andalus kai tsaye, kuma bai kamata a gina hujja a kan haka ba. Abin lura shi ne yadda take aiki da hoto. Baitocinta gajeru ne, ɗango uku ko huɗu, suna yawan ambaton rijiya da dare da uwa da kurkuku da mutuwa, ta yadda kukan masoyi da kukan bawa ga Ubangijinsa sukan cakuɗe. Nau'in da ake kira sayeta, ma'anarsa kibiya, mutum guda ne ke rera shi ba kiɗa, daga saman bene, sa'ad da jerin gwanon Makon Alfarma na Kirista ke wucewa. Mawaƙin Sifen Garsiya Lorka, a laccarsa ta 1933, ya yi ƙoƙarin bayyana wani hali da ke sauko wa mai rerawa har ya fita daga hayyacinsa, wanda suke kira duwende. Addinin daban ne, aƙidar ma daban, amma Bahaushen da ya taɓa ganin shauƙi ya kama mai bege a tsakiyar zikiri ya san irin tambayar da Lorka yake fama da ita.

3.0 Yadda Hausa ta karɓi alamomin

Kalmar bege ita kanta ta isa nazari. A maganar yau da kullum ana begen uwa, ana begen gida, ana begen masoyi, kuma ba a begen abin da ke hannu. Nisa shi ne sharaɗinta. Da malamai suka zaɓe ta domin fassara shauƙin Larabci, sun zaɓi kalmar da ta riga ta ɗauki raɗaɗin rabuwa a kunnen kowane Bahaushe, mace da namiji, malami da jahili. Shi ya sa madahu ya tsaya a bakin malamai, bege kuwa ya shiga ɗakin girki.

Alama ta farko kuma mafi ƙarfi ita ce tafiya. Shehu Usmanu ya tsara ƙasidarsa ta Daliyya da Larabci yana ɗan kimanin shekara 20, jigonta kuwa ɗokin isa Madina, wadda mawaƙa suka fi kira Ɗaiba. Ya rasu a 1817 bai taɓa zuwa ba. Wannan gaskiya ta tarihi tana da nauyi wajen fahimtar waƙar, domin mafi yawan waɗanda suka rera ta, da waɗanda suka rera Ma'ama'are, wadda Shehu ya yi da Fulatanci ɗansa Isa ya mayar da ita Hausa, ba su sa ran taka ƙasar Hijaz ba. A lokacin hanyar ta ƙasa ce, ta Barno da Wadai da Darfur, mutum yakan shafe shekaru, da yawa kuma ba su komo ba. Saboda haka guzuri da zango da ayari da madugu a cikin waƙar bege suna da fuska biyu. A zahiri kayan fatauci ne da kowa ya sani. A baɗini guzuri aikin ƙwarai ne, zango matsayi ne da murid ke kaiwa a tarbiyya, madugu shaihi ne, ɓarayin hanya kuwa son zuciya da Shaiɗan. Madina da ake nufa tana Hijaz, tana kuma cikin ƙirjin mai waƙar. Manazarcin da ya ɗauki fuska guda ya bar guda ya karanta rabin waƙa ne.

Akwai lokacin da alamar ta sauko ƙasa ta zama hanya ta gaske. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, dubban mutane suka bar gonaki da gidaje suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Waɗanda suka tsira suka ci gaba, zuriyarsu na nan a Mai Wurno ta ƙasar Sudan. Ba za a ce waƙa ce ta tashe su ba, amma mutanen da suka shekara ɗari suna rera ɗokin gabas ba su buƙaci a yi musu dogon bayanin inda za a dosa ba.

Alama ta biyu haske ce. A nan Hausa ba ta sha wahala ba, domin tana da rana da wata da tauraro da alfijir da fitila. Sai dai hasken waƙar bege ba na siffanta kyan fuska ba ne kawai. Yana komawa ga abin da sufaye ke kira Nurul Muhammadi, wato fahimtar cewa hasken Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne farkon halitta. Idan mai bege ya ce rana da wata aro suka yi, ba kambamawa yake yi ba a ganinsa, bayanin asalin halitta yake yi. A nan ne ma'aunin salo da aka saba da shi yake gazawa, don zai rubuta kambamawa ya wuce, alhali mawaƙin da masu sauraronsa sun ɗauki maganar a matsayin labari tabbatacce. Ba kuma ƙaramin abin lura ba ne cewa wanda ya fi kowa shahara da bege a ƙarni na 20, Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, wanda ya rasu a 1990, makaho ne, kuma makafi ne suka fi yawo da waƙarsa ƙofa ƙofa. Idan makaho ya yi maganar gani, mai sauraro ba ya buƙatar a gaya masa cewa da idon zuci ake nufi.

Alama ta uku, wadda ta fi nuna hikimar malaman Hausa, ita ce sha. Sufayen Larabawa sun yi fice da hoton giya. Ibnul Farid na Masar, wanda ya rasu a 1235, yana da ƙasida sukutum a kan giyar da aka sha tun ba a halicci inabi ba, yana nufin son Allah. Irin wannan hoto yana da haɗari a ƙasar da masu jihadi suka yaƙi burkutu da bori, inda kuma maƙwabcin mai sauraro yana iya zama Bamaguje mai tukunyar giya a bayan ɗaki. Abin da ya rinjaya a waƙoƙin Hausa shi ne ruwa: rijiya, kogi, teku, tafkin Alkausara, ruwan sama bayan fari, wani lokaci zuma da madara. Aikin sha ya tsaya, ƙishirwa ta tsaya, abin shan ne aka musanya. Sunan waƙar Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, Batijjane, wato Mu Sha Falala, ya nuna yadda fi'ilin ya zauna daram a wannan ma'ana. Ga mutumin da ya san rani, ya san nisan rijiya, ruwa ya fi giya iya ɗaukar nauyin ma'anar. Da failar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta iso, bayan haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajji na 1937, sai ta tarar da fili a share, domin kalmar faila kanta ambaliya take nufi.

Kishiyar waɗannan duka ita ce duniya, wadda waƙoƙin wa'azi suke zanawa a matsayin karuwa, ko tsohuwa mai kwalliya, ko kasuwa mai watsewa da yamma. Hiskett (1975) ya yi bayanin wannan gwargwado, ba sai an maimaita ba.

4.0 Takobi da waƙa a gida guda

A koma Kontagora. A littafinsa na Wuridi, Shehu Usmanu ya ba da labarin cewa yana da shekara 40 da 'yan watanni, wato wajen 1794, an kai shi halarar Annabi da waliyyai, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya. Shekara goma ke nan kafin hijira zuwa Gudu a 1804. A lokacin da aka ga takobin, alama ce ta izini da hujja. Bayan shekara goma ta zama ƙarfe. Bayan shekara sittin kuwa, a hannun jikoki a bakin iyakar kudu, ƙarfen ya yi aikin da littattafan Shehu da na Abdullahi suka yi ta gargaɗi a kansa, na neman mulki da tara bayi.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne ko wane ne mahaifin Nagwamatse. Abubakar Atiku, wanda ya yi sarautar Musulmi daga 1837 zuwa 1842, shi ne ɗan da ruwayoyin Sakkwato suka ce ya fi kusa da Shehu ta fuskar baɗini, har ana cewa shi aka bar wa asirai. Gwaggon Nagwamatse kuma ita ce Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, daidai lokacin da ake kafa garin. Ita ce ta tsara waƙar tawassuli da mata sufaye, ita ake danganta wa Begore, ita ce kuma ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke ɗaukar waƙoƙi a ka su kai wa matan ƙauye. Ashe ke nan gidan da ya fi kowane suna da yaƙi a daular, reshe ne na gidan da ya fi kowane gadon baɗini. Marubutan Turawa sun ga fuska ɗaya, don ita ce ta ba su hujjar mamaya. Marubutan gida kuma sau da yawa sukan kauce wa fuskar da ke da ɗaci. Adalci shi ne a riƙe duka biyun: bege bai hana hari ba, harin kuma bai sa begen ya zama ƙarya a bakin malamin zaure ko matar da ke rera shi tana niƙa ba. Daga baya, da aka mayar da Ibrahim kan gadonsa a 1903 kuma yaƙi ya ƙare, Hausa ta ci gaba da bazuwa a yankin ta hanyar kasuwa da makarantar allo, har da yawa daga zuriyar waɗanda aka kai wa hari suka musulunta. Waƙar da ta zo a bayan doki ta zama tasu su ma, suna rera ta a watan Maulidi kamar kowa.

5.0 Sa'ad da aka raba waƙa da sharhi

Tsohon tsari yana da kariya a cikinsa. Ba a karanta Ishiriniya sai a gaban malami. Yakan ja baiti, ya fassara kalma kalma, ya tsaya inda ya ga dama ya ce wannan majazi ne, wannan kuma kada a ɗauke shi a kan zahirinsa. Waƙa da sharhinta tare suke tafiya, kamar yadda Ibnul Arabi ya gane dole su yi, kamar kuma yadda Ɗan Masani ya tanada tun ƙarni na 17. Abin da ya fi zurfi ba a faɗinsa sai ga wanda ya yi nisa a tarbiyya.

Ƙarni na 20 ya sassauta wannan ɗauri. Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ya fito da bandiri da maukibi fili, ya jawo matasa da yawa, ya kuma sha suka daga masu ganin kiɗa bai dace da zikiri ba. Zawiyoyin faila suka buɗe ƙofar tarbiyya ga 'yan kasuwa da masu sana'a, suka cika dare da rera Diwani. Rediyo da kaset suka ɗauki murya suka kai ta inda malamin bai je ba. A ɗaya ɓangaren, Shehu Abubakar Gumi ya fitar da Al'aƙidatus Sahiha a 1972, aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Idan aka duba da idon mai nazarin harshe, babban ɓangare na wannan jayayya a kan karatun alama ne. Wani ya ce teku da haske da sha majazi ne da ke da mafita a cikin shari'a, wani ya ce lafazi yana ɗaukar hukuncin abin da ya faɗa, kuma wuce iyaka a yabo ƙofa ce ta shirka. Kowane ɓangare yana da magabatan da yake jingina da su, domin gardamar ta girmi ƙasar Hausa.

Ba masu suka kaɗai ne suke karatun zahiri ba. Akwai mawaƙan da suka tsinci kalmomin fana'i da haƙiƙa ba tare da sun zauna gaban kowa ba, suka furta abin da manyan malaman ɗariƙunsu da kansu suka fito suka barranta daga gare shi. Wayar hannu ta ƙarasa abin da kaset ya fara, domin baiti guda yana iya fita daga zawiya cikin dare, kafin asuba ya shiga kunnen dubban mutanen da ba su san mafarinsa ba. A watan Agusta na 2020 wata kotun shari'ar Musulunci a Kano ta yanke wa wani matashin mawaƙi hukuncin kisa saboda waƙar da ya yaɗa ta WhatsApp, bayan da masu zanga-zanga suka ƙone gidan iyayensa. A watan Janairu na 2021 babbar kotun jihar ta soke hukuncin, bisa dalilin cewa an yi shari'ar ba shi da lauya, ta ba da umarnin a sake ta daga farko.